Ranar da Aka Yi wa Maigidana Fito

Abubuwa da yawa sun shige ni a rayuwa, wasu ma sai an tuna mini nake cewa, au, haka aka yi? Amma ranar da maigidana ya shigo wani ƙaramin asibiti a Birnin Kebbi da busassun kaya a jikinsa, wannan kam ko na tsufa har ina neman carbin da ke hannuna, ba zan manta da ita ba. Na san za a ce mene ne abin mamaki don namiji ya shiga asibiti bai jiƙe ba. To sai an san irin mutumin da na aura tukuna.

Maigidana ɗan masunta ne, daga wani ƙauye a hayin gulbi, gaba da Argungu ta wajen Augie. Boko ne ya kawo shi Birni, ya samu aiki a ma'aikatar gona, yana sa riga da hula yana zama a ofis, amma zuciyarsa tana cikin ruwa. Tun yana zuwa zance na haddace tarihinsa: yadda ya haye gulbi yana yaro da ƙwaryar tuwo a ka bai zubar ba, da yadda ya kamo agwagwar ruwa da hannu a wajen wasa har aka ɗaga shi sama. A gidansu babu zagin da ya kai a ce wane sai an yi masa fito. Fito shi ne a ɗauki mutum a jirgi a haye da shi gulbi. Mutum ya tuƙa jirginsa ba laifi, amma ya zauna ya naɗe hannu wani ya haye da shi, wannan a wurinsu na mata ne da baƙi da awaki, sai kuma irinmu 'yan tudu. Ni 'yar ma'aikaci ce, malamar firamare, ruwan da na sani bai wuce na bokiti ba. Duk zuwanmu ƙauye ni a jirgi nake tafiya ina riƙe da kayansa, shi kuma yana iyo a gefe yana yi mini dariya.

Mun shekara bakwai ba haihuwa, ko ɓatan wata ban taɓa yi ba. Ba wanda ya zauna ya yi shari'a, amma kowa ya san mai laifi. Surukata, wadda muke kira Inna, ba muguwar mace ba ce, ba ta taɓa gaya mini baƙar magana ba. Ita dai ta yi imani da ƙwan kifi. A ganinta halittar da ke zuba ƙwai haka ba lissafi ba za ta rasa abin da za ta sam mini ba. Duk wanda zai zo Birni sai ta ba shi ƙullin ƙwan karfasa ko na giwan ruwa, wani soyayye, wani an dafa shi da sassaƙe mai ɗacin tsiya. Na ci ƙwan kifin da, da an bar shi ya ƙyanƙyashe, da masuntan Argungu ba su sake kukan rashin kamu ba. In ci, in aika da godiya, in shiga ɗaki in yi kukana. Ba ɗacin maganin ne ke yi mini ciwo ba. Abin da ke yi mini ciwo shi ne duk tsawon shekarun nan ba a taɓa miƙa wa ɗanta ko cokali ɗaya ba.

Wata abokiyar aikina ce ta kai ni wurin likitar. Kirista ce, mutuniyar Filato, ta daɗe a Birnin Kebbi har ta buɗe ɗan asibitinta na mata. Ta yi mini gwaji iri-iri, ta ɗauki hoton cikina, ta duba ta sake dubawa, sannan ta cire tabarau ta ce, "'Yar uwa, ni ban ga abin gyara a jikinki ba. Kawo mini mijinki." Na fito ina jin kamar an sauke mini dutse, kafin in isa gida kuma na gane an ɗora mini wani. Sai da na yi watanni ina lallashi kafin ya yarda, kuma ya faɗa mini ƙarara zai je ne don ya rufe mini baki.

Ranar da muka koma karɓar sakamako ya zauna ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya, yana kaɗa makullin babur. Likita ta dube shi a natse.

"Malam, iri yana nan, kuma da yawa, ba a magana. Matsalar guda ce. Ba su iya iyo ba."

Makullin ya daina kaɗawa.

"Mi kinka ce?"

Ta yi masa bayani tsakaninta da Allah, ba ta san inda ta taka ba. Ta ce 'yan ƙwayoyin da ke cikin maniyyin namiji sai sun yi iyo mai nisa kafin su tarar da ƙwan mace, nasa kuwa yawancinsu tun a bakin hanya suke gajiya.

"Likita," in ji shi, "ko kin san ni ɗan wa na?"

"Ban sani ba, Malam. Ni abin da madubin duba ƙwayoyi ya nuna mini nake faɗa. Zo ka gani da idonka."

Ya tashi ya sa ido a madubin nan nata. Ya daɗe a sunkuye. Daga baya, bayan shekaru, ya gaya mini abin da ya gani: suna ta jujjuyawa wuri guda kamar tarwaɗa a kwatamin da ya kusa ƙafewa. A ranar dai dawowa kawai ya yi ya zauna, wannan karon ƙafafunsa duka biyu a ƙasa. Na ji tausayinsa ƙwarai. Na kuma ji wani abu a ƙasan tausayin, wanda ba zan yi ƙarya in ce baƙin ciki ne ba.

Likita ta ce abin yana da magani, ko da yake ba ta ɗauki alkawarin dacewa ba. Za ta ba ni ƙwayoyi da allura har ƙwaina ya nuna, tana bibiya da na'urar hoto. In lokaci ya yi, shi zai ba da nasa, a wanke, a zaɓi masu ƙarfi-ƙarfin, a sa su a wani siririn bututu a kai su har cikin mahaifa. Ba yanka, ba ɗinki, irinsa ne, mahaifata ce.

"Tafiyar kawai muke rage musu," in ji ta.

Ni kuma daɗi ya kama ni don na fahimta, sai bakina ya riga hankalina. Da yake mu a nan hito muke cewa, sai na ce, "Au, ashe hito na!"

Likita ta tambayi mene ne wannan, na gaya mata. Ta tafa hannu tana dariya, ta ce shekara da shekaru tana neman kalmar da za ta riƙa yi wa mutane bayani da ita, yau ta samu. Kafin ta gama murna maigidana ya ɗauki makullinsa ya fice. A kabu-kabu na koma gida ranar.

Ya yi kwanaki ba ya cin abincina da daɗin rai. Sannan ya zo da dabara, ya ce sai an tambayi malamai. Ya tsallake limamin unguwarmu mai sauƙin kai, ya nemo wani malami da aka sani da tsanani, wanda ake cewa har tafi a wajen biki bai yarda da shi ba. Ya tafi da ƙarfinsa. Malam ya saurare shi, ya ce irin wa za a sa? Ya ce nasa. Mahaifar wa? Ta matarsa. Auren yana nan? Yana nan. Malam ya ce, "To mi kaka jira?" Ya dawo kamar wanda aka kayar a kotu. A ƙarshe ya ce in fara shan maganin mu gani, da sharaɗin kada kowa ya ji, musamman Inna. Na yarda. Ma'ana dai zan ci gaba da cin ƙwan kifi, kuma laifin yana nan a inda yake.

Na fara magani a ƙarshen damina. Cikina ya kumbura, raina ya riƙa ɓaci ba dalili, na yi ta zarya tsakanin makaranta da asibiti. Da lokaci ya matso, sai maigidana ya tuna shinkafar Inna tana fadama kuma ruwa yana tahowa. Gaskiya ne ruwa yana tahowa, shekarar gulbi ya yi cikar da aka daɗe ba a gani ba. Amma Inna tana da 'ya'ya maza a ƙauye waɗanda suka fi shi iya riƙe lauje. Ya ɗaure jakarsa ya tafi, ya ce ba zai daɗe ba.

Bayan tafiyarsa likita ta duba ni, ta ce ƙwai ya nuna. Ta yi mini allurar ƙarshe, ta ce jibi da hantsi lallai ya kasance a nan, kuma kada ya wahalar da jikinsa kafin nan. Jibin ya faɗo ranar hutun 'yancin kai, amma ta ce za ta buɗe dominmu, don ƙwai bai san hutu ba. In aka wuce lokacin, duk wahalar watan ta tafi a banza.

Lokacin wayar hannu ba ta daɗe da zuwa ba, a ƙauyensu sai an hau tudun makaranta ake samun layi. Na yi ta kira har Allah ya sa ta shiga.

"Malam, likita ta ce jibi da hantsi. Ta ce kuma kak ka gajiyar da jikinka."

"Ke, kin san ruwan da gulbi yak kawo bana? Ya cinye gonaki, ya cinye hanya, ko mashigi ba a ganewa."

"Ashe ba kai na mai hayewa da tuwo bisa kai ba?"

Sai abin da na daɗe ina haɗiyewa ya taso mini.

"Malam, shekara bakwai ina cin ƙwan kihi ban ce komi ba. Jibi in ba ka taho ba, ka iske ni gidanmu. Kuma ba yaji na ba."

Layi ya yanke. Har yau ban sani ba ko layin ne ko babban yatsansa. Na jawo akwatina na shirya kayana, na ajiye a bayan ƙofa. Ina ninke zannuwa ina sane cewa ina son mutumin nan, kuma na san abin da na faɗa zan aikata.

Ranar ta zo. Na isa asibiti da wuri na zauna a benci. A titi 'yan makaranta suna wucewa da 'yan tutoci kore da fari, ana buga musu ganga za su filin fareti, har na hango wasu daga ajina. Ƙasa tana murnar tsayawa da ƙafarta, ni ina zaune ina jiran mutumin da ya fi son ya nutse da a ce an taimake shi. Likita ta zo cikin atamfarta ta zuwa biki, ta zuba mini shayi, ta ce in kwantar da hankalina. Ita ma dai na lura tana yawan leƙa ƙofa.

Abu biyu nake ta saƙawa. Ko dai ya ƙi zuwa, in je in ɗauki akwatina. Ko kuma, wanda ya fi tayar mini da hankali, maganata ta tunzura shi ya faɗa ruwan nan don ya nuna mini shi ɗan wane ne. Na san halinsa. In ya tsira zai iso da jajayen idanu da laka a kunne, ba sauran ƙarfi a jikinsa. In bai tsira ba, sai dai a aiko. Duk babur ɗin da ya tsaya a waje sai na miƙe na leƙa. Hantsi ya ɗaga, gangar fareti ta yi nisa, shayin ya huce a hannuna. Likita ta zo ta zauna kusa da ni, ta fara cewa, "'Yar uwa, in ma bai yiwu wannan watan ba..." Ba ta ƙarasa ba muka ji sallama.

Shi ne. Babbar riga a jikinsa, guga bai ko karye ba, hula a karkace, fuska ta sha mai. Na dube shi daga sama har ƙasa ina neman ruwa, ban ga ko ɗigo ba. A cika irin ta shekarar ba mai hayewa da iyo kayansa su tsira, ko da ya ɗaure su a ka. Abin da na gani kawai gashin akuya ne a gefen rigar, da warin bunsuru da ya riga shi shigowa.

"Malam, ta ina kab biyo?"

"Ina likita?"

"Ga ta gabanka. Ta ina kab biyo?"

Ya dubi silin, ya dubi kalandar bango, ya gyara hular da ba ta nemi gyara ba. Sannan ya ce a hankali, kamar mai faɗar rasuwa, "An yi min hito."

Na fashe da dariya, dariyar ta juye kuka, na rasa wanne nake yi. Likita ta juya baya tana gyara wasu kwalabe da ke zaune lafiya, kafaɗunta suna rawa.

Aikin da aka yi wata da watanni ana rigima a kansa bai ɗauki lokacin dafa shayi ba. Ya shiga wani ɗaki ya fito, aka tafi da nasa aka wanke, aka kira ni na kwanta. Ban ji komai ba sai ɗan tsunkuli. Likita ta cire safar hannu ta ce, "To, sun haye. Saura na Allah." Ta ce in ɗan huta kafin in tashi. Aka shigo da shi ya zauna a gefen gado, hula a gwiwa, yana cire gashin akuya ɗaya-ɗaya daga rigarsa.

Sauran labarin daga bakin ƙanwarsa na ji. Ashe da safen ya tsaya a bakin gulbi ya daɗe yana kallon ruwa, mutane suna jiran su ga ya tuɓe kamar yadda ya saba. Sai kawai ya tattare riga ya shiga jirgin fito, ya zauna tsakanin wata tsohuwa mai tallan albasa da awaki uku. Mai jirgin kuwa taubashinsa ne, wanda ya sha zolaya a hannunsa tun suna yara. Allah ya kawo masa ranar ramuwa. Sai da ya kai tsakiyar gulbi ya ɗaga filafili ya yi shela.

"Jama'a, ku shaida! Yau ga kada, sarkin ruwa, ya biya kuɗin jirgi! Mi yas same ka, ɗan boko? Ohis ta cinye ma ƙwabri?"

Jirgi ya ɗauki dariya, har na bakin gaɓa suna tayawa. Maigidana bai ɗaga kai ba. Ya ce, "Tuƙa mu tai. Ba ni kaɗai na ba. Ina tare da waɗanda ba su iya iyo ba."

Mai jirgi ya waiga hagu da dama, bai ga kowa tare da shi ba sai tsohuwa da awaki. Dariya ta tsaya cak. Kafin azahar ƙauye ya ɗauka cewa mutanen ɓoye sun shafe shi a Birni. Sati bai zagayo ba sai ga saƙon Inna, ƙulli biyu: ƙwan kifi nawa, da garin hayaƙi da rubutun sha na ɗanta, da umarnin in tabbatar ya shanye. Na tabbatar kuwa. Ni da kaina nake miƙa masa safe da yamma, ina tsaye har sai ya kai ƙasan kofi. Ban taɓa bin umarnin surukata da zuciya ɗaya irin wannan ba.

Wannan karon bai kama ba. Ranar da na ga jini na kwanta na juya wa duniya baya. Ya shigo ya zauna a bakin gado, sannan ya ce, "Yaushe likita tac ce mu koma?" A ranar na jawo akwatin daga bayan ƙofa na mayar da kayana inda suke. Mun koma, mun sake komawa, a na uku Allah ya ba mu ɗa namiji. Ranar suna Inna ta tara mata ta yi musu bayani cewa ƙwan giwan ruwa ne ya yi aiki, dama na karfasa bai da ƙarfi. Har ta rasu tana raba wa matan ƙauye, kuma ban taɓa ƙaryata ta ba. Likita kuwa, na ji har yau in ma'aurata suka zo, da fito take yi musu bayani.

Yaron ya taso ba abin da ya tsana kamar gulbi. Wata shekara mun je ƙauye da rani, ruwan mashigi bai wuce gwiwar babba ba, sa'o'insa suna ta tsalle a ciki, shi kuma ya riƙe zanina ya ce ko yatsa ba zai sa ba. Inna ta riƙe haɓa ta girgiza kai.

"Wanga jinin tudu na. Dangin uwatai yab biyo."

Na buɗe baki zan yi dariyar da na saba yi in an ɗora mini, sai na ji maigidana ya riga ni.

"A'a Inna, ki bar ganin laihinta. Ni yab biyo."

"Kai? Kai da anka haihwa kusan cikin ruwa?" Ta yi dariya har da share ƙwalla, ta ɗauka wasa yake.

Bai ƙara mata bayani ba. Ya naɗe wando, ya durƙusa, ya ɗora yaron a wuyansa.

"Taho in yi ma hito," in ji shi. "Ba yau munka hwara ba."

Na tsaya a gaɓa ina kallonsu suna hayewa, yaron ya ƙanƙame masa kai, ni kaɗai a wurin na san abin da aka faɗa.

Abin da na koya shi ne, mutum yana iya zama gwanin ruwa kuma wata rana ya zama sai an haye da shi, kuma wannan bai rage shi da komai ba. Na sha ganin maigidana yana ratsa gulbi ana yi masa kirari, ban taɓa jin zan iya jingina rayuwata a kansa ba sai ranar da ya zauna cikin awaki, ya bari aka yi masa dariya, don ya iso inda nake jiransa.